Rasuwar Shafin Garin Mama Ayaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai neman inda za ta ɓuya, ni Gbenato Hunsu na garin Savalu nake sanar da 'yan uwa na gida da na Kwatano da na Gabon rasuwar shafinmu na intanet, Garin Mama Ayaba. Sanarwar a madadin kaina ce ni kaɗai, domin babu wanda ya yarda a sa sunansa a cikinta. Marigayin ya cika yana ɗan shekara guda. Ranar da ya cika kuwa ba mu san ta ba, sai da gawa ta kwana biyu a waje sannan muka ankara.

An haife shi a wayata, a ƙarƙashin rumfar da mahaifiyata Mama Ayaba take suyar garin rogo tun kafin a haife ni. Na gama makaranta, na zaga Kwatano da takardu har takalmina ya buɗe baki, na dawo gida da dabara guda: in riƙa ɗura garin Mama a leda mai tambari, in sayar wa mutanenmu da ke nesa suna kewar garin gida. Ban taɓa gina shafi ba. A bidiyo na koya, ina kallo ina tsayarwa ina komawa baya, hayaƙin suya na shiga idona. Da aka zo zaɓen suna, sai na ce babu sunan da ya kai na Mama tsada a kasuwar Savalu. Na biya kuɗi, aka rubuto mini cewa sunan ya zama nawa, ni kuma na gaskata kamar yadda ake gaskata dattijo.

A wurinmu idan mutum ya sayi fili, ba ya shiga haka kawai. Saboda haka ranar bikin sabuwar doya, da dangi suka taru, muka yi wa marigayin abin da ake yi wa fili. Kawuna Dosa ya zuba sodabi, giyar gargajiyarmu, a ƙasa ya gaya wa kakanni cewa gidan ya samu sabon wuri. Fasto ya ɗora hannu a kan wayar ya yi addu'a. Mama ta tambaye ni a gaban kowa: "Gbenato, saya ka yi ko aro?" Na bugi ƙirji na ce saya na yi, har jikokinta sai sun gada.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya hayaniya. Ba ya buɗewa da garaje, sai ya gama juye-juyensa ya natsu, sannan hoton Mama ya sauko a hankali daga ɗankwali zuwa murmushi. Bai taɓa raina mai ƙaramar waya ba. Idan wani ya yi oda, sai ya ce "tin!" da 'yar muryarsa, Mama ta ajiye ludayin suya ta ce, "Wa ya zo?" Ba na son in yi wa mamaci ƙarya, bai cika faɗin "tin" ɗin ba. Amma duk ranar da ya faɗa, gidanmu ya ci kaza. Kuma ya ɗaga kan Mama. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, ga shi kuma ta zama mace ta farko a unguwa da sunanta ya shiga cikin waya. Da kanta ta raba wa matan zumunta mafitai masu ɗauke da adireshin.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da saƙonni. Aka dinga rubuto mini cewa wa'adi ya kusa, in sabunta. Na yi dariya. Ni da na zauna a Kwatano, za a gaya mini 'yan damfara? Na goge na farko, na goge na biyu. Na uku na amsa musu da kaina, na ce na saya da shaidu, a gaban Fasto da kakanni, su je su nemi wani sakarai. Har na nuna wa abokaina amsar a wurin shan shayi, suka jinjina mini. Ashe masu maganin ne suke ƙwanƙwasa ƙofa ina korar su. Ashe sunan shafi haya ne, shekara-shekara ake biya, wanda bai biya ba a ba wani. Da "tin" ya ɗauke gaba ɗaya, sai na ce damina ce, kasuwa ta yi sanyi. Ban leƙa ba, domin a ganina wanda ya sayi fili ba ya zuwa kullum ya duba ko yana nan.

Ranar bikin doyar bana muka ga gawar. Tsakar gida a cike, ana cin sakwara da miyar gyaɗa, Fasto da matarsa na zaune, matan zumunta na fifita da mafitanmu. Ƙanwar Mama, Tanti Akuabi, ta zo daga Gabon. Mama ta kira ni: "Ɗana, zo ka nuna wa ƙanwata gidana na cikin waya." Na goge hannu, na buɗe, na miƙa ban ko duba ba.

Wannan karon bai yi juye-juye ba, nan take ya buɗe. Kuma ba muryarsa ba ce. "Kacau-kacau-kacau!" kamar an zazzage kwandala a faranti. Ga 'yan ƙwallo suna tsalle, ga kuɗi na walƙiya, ga wata mata da tela ya yi wa rowar yadi tana kiran mutane su zo su zuba su kwashe. Masu caca sun karɓe sunan. A can sama, inda adireshi yake zama, sunan mahaifiyata yana nan daram.

Kawu Dosa ya leƙo ya fashe da dariya. "Ayaba! Ashe gidan caca kika buɗe, kika bar yayanki yana shan sodabi bashi?"

Babu wanda ya taya shi. A cikin matan akwai Mama Sena, wadda ɗanta ya sayar da babur ɗin da yake haya da shi ya zuba a cacar ƙwallo, kuma mahaifiyata ce ta yi ta sintiri gidansu tana yi wa yaron faɗa. Mama Sena ta dubi maficin da ke hannunta, ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta ce wa ta kusa da ita jikanta yana da irinsa a ɗaki, ga adireshin a jiki. Ni dai da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Mama ba ta yi kuka ba. Sai da baƙi suka watse ta kira ni rumfa.

"Ka ce mini saya ka yi."

"Saya na yi, Mama."

"To wa ya sayar?"

Na ɗauki wayata. Na rubuta wa sababbin masu wurin ina roƙo, suka yanka mini kuɗin da ko rumfar da tukwanen aka haɗa ba za su kai ba. Lahadin da ta biyo baya Mama ta miƙe a coci ta ajiye shugabancin zumunta, ba tare da kowa ya ce ta ajiye ba. Ta ce ba za ta tsaya tana hana 'ya'yan mutane caca ba alhali sunanta na kiran su.

Marigayin ya rasu ya bar allo guda a bakin titi, wanda yanzu yake fuskantar bango. Ya bar riguna masu tambari da babu mai sakawa sai da dare ya yi sanyi, da mafitai da suka bazu a gidajen mutane, da buhu biyu na ledoji da ba a ɗura wa gari ba tukuna. Ya bar lambar sirri, wadda na haddace tsaf, ba ta kuma buɗe komai. Ya bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a rumfar suya. Ba a buƙatar kuɗin gaisuwa, ba za a dafa komai ba. Duk mai mafici ko riga ya taimaka ya kawo, za a sa su a murhu. Ana roƙon masu zuwa kada su buɗe adireshin don ganin gawa, kuma kada su bari yara su buɗe. Ana roƙon Kawu Dosa ya zo ba tare da sodabi ba.

Ledojin kuwa Mama ta hana a ƙona, ta ce leda ba ta yi laifi ba, gari zai shiga cikinsu. Sunan kawai za a yanke, ɗaya bayan ɗaya, kuma ta rantse babu hannun da zai riƙe almakashin sai nata. Da yake ba ta yi makaranta ba, ni zan zauna a gefenta, in riƙa nuna mata da yatsa inda sunanta ya fara da inda ya ƙare.