Ranar Da Na Hau Soron Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida iyayen Rabi ba, a wani ƙauye gaba da Kademi. Lokacin ba su ce sun ba ni ita ba, ba su ce sun hana ba, ana dai auna hankalina. Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi.

Aka sauke ni a wani tsohon soron ƙasa, wanda aka gina tun wurin yana gandun wani basarake, a ciki ake tara hatsin da bayi suka noma. Ƙauyen duk ya koma bulo da kwano, amma shi an hana taɓa shi, sai dai yaɓe kafin kowace damina. Cikinsa sanyi kamar randa. Na ɗaga kai ina kallon azara, na tambayi wan Rabi, "Yaya Sale, wai ya aka yi rufin nan yake tsaye ba ƙarfe ko ɗaya?"

"Haka muka tarar da shi," in ji shi, ya shiga kawo mini ruwa.

Sai na hango tsanin masu yaɓe a jingine. (Don Allah, wa ya aike ni?) Na tattare babbar rigar aro na haye. Ashe a garin namiji ba ya hawa rufi sai ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau sama!" don mata su suturta jikinsu. Ina miƙewa sai ga tsakar gida tar a gabana. Ga mahaifiyar Rabi a tabarma ba ɗankwali, ana mata kitso, rabin kai a tsefe. Muka haɗa ido. Wallahi da na rasa abin yi, sai na durƙusa a kan rufin na ce, "Inna, ina wuni?"

"Innalillahi! Ƙato a sama!" Mata suka watse, har da mai kitson.

Na sauko, na tarar da mahaifin Rabi a gindin tsani. Na ce a raina shi ke nan, Rabi ta tafi.

"Me ka gano?"

"Indararo ɗaya ya tsage, Baba."

Sai ya ce, "'Ya'yana so suke a rushe soron nan, kai ka hau dubawa. Na ba ka Rabi, amma yaɓen sama naka ne duk shekara."

Har yau Inna in ta ji sallamata sai ta dafe ɗankwali. Ni kuma ko kujera zan taka in sauya ƙwan fitila a ɗakina, sai na ce, "Za a hau sama!"