Ranar da Na Kwashe Siton Alhaji

Ƙa'idar sabon tsarin intanet, IPv6, ta ce idan za ka ba na'urorin cikin gida adireshi, ka bar kwamfuta ta zaɓo lamba kamar ƙuri'a, don kada ta yi karo da ta wani. Ni kuwa na ga wannan aikin matsorata ne. Da Alhaji Bappa mai shinkafa ya ba ni aikin haɗa kyamarorin sitonsa na Garuwa da na Touboro, sai na ba su lamba ɗaya mai sauƙin tunawa, ina ta hura hanci.

Ranar da na haɗa rezon, wato layin sadarwar kyamarorin, Alhaji ya duba siton Garuwa a wayarsa. Wayam! Ya yi salati, ya haye moto ba hula, ya ɗauko jandarmomi. Suka tarar da shinkafa har rufi. Ashe siton Touboro, wanda aka sayar da kayansa, shi ne ya fito a wayar.

Alhaji ya dube ni a natse ya ce, "Injiniya, mun gode da ka dawo da shinkafar."

Har yau in na ratsa kasuwa, mahauta sai su kare nama da hannu suna cewa, "A ɓoye kaya, ga Injiniya nan!"