Ranar da na kunna ɗumi a gidan makoki

Ba zan taɓa mantawa da rana ta biyu ta zaman makokin Ammi Usman ba, ƙanin mahaifina da ke unguwar Madain Fahd. Lokacin na yi shekara goma sha ɗaya ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Jidda, ina kuma ganin babu wayar da za ta ba ni kunya.

Gidan marigayin babban mukayyif gare shi, irin wanda injinsa ke kan rufi yana raba iska ɗaki-ɗaki. Da azahar sai ɗan akwatin bango da ake sarrafa shi da shi ya mutu. Matarsa, Khala Rabi, ta sa aka kira ni.

"Ya waladi, ɗana, bayan la'asar gidan nan zai cika. Zai gyaru?"

"Minti goma, Khala, halas," na ce mata.

Na sayo sabon akwati, na cire tsohon na yar a kan taga. Mitar gwaji tana cikin jakata, ban ko ciro ta ba (a ranar gani nake gwaji aikin 'yan koyo ne). Ai kowa ya san rawayar waya ta sanyi ce, fara ta ɗumi. Na ɗaura, na danna, na ji iska ta fito. Ban jira ta yi sanyi ba, na wanke hannu na shiga sahun dangi ina karɓar gaisuwa.

Malamin da ke karatun makoki bai yi nisa ba wani ƙauri ya cika majalisin, wato falon baƙi. Ƙurar shekaru ce ke ƙonewa a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, wanda tun da aka girka injin ba a taɓa kunna shi ba. Wa ke neman ɗumi a Jidda, tsakiyar zafi? Mutane suna ta share gumi, babu mai cewa komai, don ba a ƙorafi a gidan mutuwa. Na lallaɓa na rage lambar akwatin zuwa digiri sha shida. Zafin ya ƙaru.

Can sai Alhaji Bello, aminin marigayin, tsoho mai ciwon zuciya, ya sulale daga kan kujera. Karatu ya tsaya, aka ɗauke shi zuwa waje ana yayyafa masa ruwa. Ido ya dawo kaina.

"Injin ne ya tsufa," na ce, da ƙarfi kuma.

Daga bayan labule Khala Rabi ta kira sunana. Ta miƙo min murfin tsohon akwatin. A cikinsa akwai rubutun Ammi da biro: "Mai girkawa ya juya wayoyin. Fara sanyi, rawaya zafi."

"Baffanka bai karanci lantarki ba," ta ce, "amma yakan gwada kafin ya ɗaura."

A hankali ta faɗa, sai dai gidan ya yi tsit, kowa ya ji. Na tsaya riƙe da rubutun mutumin da na ɗauki makararsa jiya, bayan na ɗora wa injinsa laifina. Minti biyu na yi na sauya wayoyin, gaban mutum sama da arba'in.

Alhamdulillahi, Alhaji Bello ya farfaɗo. Washegari ya dawo, ya zauna dab da ƙofa, da mafici a hannu. Da na durƙusa gaishe shi ya ce, "Ɗana, yau dai ka zauna ka yi addu'a kawai."

Tun ranar ban ƙara yarda da launin waya ba. Ina gwada kowace da mita, in karanta duk abin da na tarar a murfi, in tsaya gaban iska har sai ta sa ni atishawa. Masu gida suna cewa na cika nawa. Nakan ci gaba da gwajina.