Wasan Jiragen Ruwan Dogo da Auta Ya Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon allon da ba ya amsawa, ake sanar da dangi da maƙwabta da tsofaffin abokan aiki rasuwar wasan jiragen ruwa na gidan Dogo, tsohon direban bas. Wasan ya cika ne a cikin kwamfutar falo bayan gajeriyar jinya. Ya tafi ya bar faifansa lafiya lau, ko ƙwarzane babu a jikinsa, kuma wannan ne ya fi yi wa mai shi ciwo.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da Auta, ƙanin Dogo, ya dawo da zama wurin yayansa. Auta ma'aikacin gidan waya ne, aikinsa auna ƙunshin saƙo da buga hatimi, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya bar shi da hannu ɗaya da harshe mai nauyi. Matar Dogo ta riga mu gidan gaskiya, 'yarsa tana aure a gari mai nisa, sai gidan ya koma na tsofaffi biyu da ba su iya hira da juna ba. Dogo ya saba surutu da fasinja, amma gaban ɗan'uwansa sai bakinsa ya mutu. Sukan gaisa da safe, su tambayi juna kwanan jiki, daga nan kowa ya kama kallon bangonsa. Da likita ya ce a samo wa Auta abin da zai riƙa motsa hannu da tunani, Dogo ya ɗora shi a keken marasa lafiya, ya tura shi har shagon masu faifai.

Mai shago ya ajiye musu wasan jiragen ruwa iri biyu: kwafi a cikin leda, da na asali a cikin kwalinsa. Dogo ya kai hannu kan ledar, Auta ya buge hannun. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duba hatimi ba zai shigar da kayan sata gida ba. Sai mai shago ya buɗe kwalin, ya nuna musu wani dogon layin haruffa da lambobi da aka manna a cikin murfin, ya ce shi ake kira makulli. In an rubuta shi, wasan zai tambayi kamfaninsa ta intanet ko waɗannan ne masu shi na gaskiya. In kamfani ya ce e, sai ya buɗe. An yi haka ne don kada mutum ɗaya ya saya, unguwa duka ta kwafa.

Ranar da suka sa makullin, Auta ne ya riƙa karantowa da harshensa mai nauyi, Dogo yana dannawa da manyan yatsunsa. Suka maƙale a kan wani harafi, Dogo ya ce B ce, Auta ya ce takwas ce. Suka yi musu har jijiyar wuya ta tashi, Dogo ya ce ai shi ya yi shekaru yana karanta lambar mota daga nesa, Auta ya nuna masa da hannu cewa shi ya sa ya sha tara a hannun 'yan sanda. Takwas ce. Wasan ya buɗe, teku ta cika allon, kuma a ranar aka fara jin dariya a falon tun dawowar Auta.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da haƙuri. Ba ya harbi, ba ya gaggawa, ba ya zagin wanda ya yi kuskure. Aikinsa a loda katako ko gishiri ko atamfa a wannan tasha, a kai wancan, a dawo. Bai taɓa ce wa Auta ya yi sauri ba, bai kuma taɓa ce masa sannu da jiki ba, kalmar da Auta ya ji har ta ishe shi. In an saka faifan sai ya yi “shirrr” kamar mai gyaran murya, igiyar ruwa ta biyo baya da “shaaa, shaaa”, ƙararrawar tasha ta ce “kilin, kilin”. In jirgi zai tashi kuwa, sai ƙahonsa ya saki “tuuu” mai tsawo, har maƙwabciya ta taɓa leƙowa ta tambaya ko sa suka ɗaure a bene.

Sun raba aiki ba tare da sun zauna sun raba ba. Auta yana riƙe da linzamin kwamfuta a hannun hagu, shi ke zaɓen kaya da hanya. Dogo yana kan madannai, shi ke tuƙi, kuma har abada bai yarda jirgin ruwa ba bas ba ne. Yakan so ya sha gaban wani jirgi a ƙurarren wuri, Auta ya riƙa dukan tebur. Suka tara jirage, suka raɗa musu sunayen dangi. Mafi nauyin tafiya suka kira shi Gwaggo, don tunawa da wadda ba ta taɓa zuwa taro kan lokaci ba. A bakin allon nan Dogo ya ji labaran da bai taɓa ji ba, har da na yarinyar da Auta ya so yana saurayi bai faɗa wa kowa ba.

Wata safiya Auta ya loda jirginsa da katako, ya fitar da shi har tsakanin wasu tsibirai biyu, sai ya ce ya gaji, a adana, a ci gaba in ya huta. Bai tashi daga wannan hutun ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yar Dogo ta so ya bi ta, ya ce tukuna. Ya koma kan wasan shi kaɗai, hannu ɗaya a linzami, ɗaya a madannai. Ya ci gaba da fatauci da sauran jiragen, amma na Auta bai taɓa shi ba. Ya bar shi inda mai shi ya bar shi, da katakonsa. Kullum da yamma dai sai ya karkata hanya, ko da ta yi nisa, ya bi ta gefen tsibiran ya danna ƙaho. Masu wasan sun gina shi ta yadda in jirgi ya busa, na kusa da shi yakan mayar. Dogo ya san wannan sarai, ba yaro ba ne. Duk da haka, in “tuuu” ta dawo daga jirgin Auta, sai ya gyaɗa kai, ya wuce, ya iya cin abincinsa.

Jinyar ƙarshe ba daga marigayin ta fara ba, daga gidan da yake zaune ne. Kwamfutar ta soma ɗaukewa tana dawowa, har ta ƙi tashi. Mai gyaran da ke ƙasan bene, mace mai hannu da kirki, ta canza babban allon cikinta, ta tashi garau fiye da da. Amma da Dogo ya saka faifan, wasan ya duba kayan ciki ya ga ba waɗanda ya sani ba ne, ya ɗauka sace shi aka yi aka kai wani gida. Ya ce “ɗin”, ya nemi makulli.

Dogo ya ɗauko kwalin da tabaransa. Ya karanta da kansa, ya danna da kansa, da ya zo kan takwas ɗin nan ya ɗan tsaya. Wasan ya yi ta juyi, sannan ya ce ya kira kamfani ba a amsa ba. Ya sake, ya kuma sakewa washegari. Mai gyara ta bincika, ta hau bene ta gaya masa a hankali cewa kamfanin ya daɗe da rufewa, na'urar da ke amsa wannan tambaya an kashe ta. Makullinsa daidai yake, babu dai wanda ya rage ya ce e. 'Yarsa ta yi waya ta ce kada ya damu, za ta aiko da sabo wanda ya fi wannan kyau. Ya ce to, Allah ya yi albarka.

Mai gyara ta ce akwai wani kwafi da aka fasa, wanda ba ya tambayar kowa makulli. Dogo ya yi kwanaki yana juya maganar, yana jin kamar za a buge masa hannu, daga ƙarshe ya yarda. Kwafin ya buɗe, “shaaa, shaaa” ɗin ma ita ce. Sai dai ya ƙi karanta abin da suka adana, don an ɗaure shi da makullin asali. Ya ba shi ƙaramin jirgi sabo da teku fayau. Dogo ya tuƙa shi har tsibiran, ya danna ƙaho, ya jira. Mai gyara tana tsaye a bayansa, ba ta san me ake jira ba.

“Cire shi, 'yata,” in ji shi. “Wannan tekun ban san kowa a cikinta ba.”

Marigayin ya bar faifai ɗaya mai sheƙi, da kwali, da linzamin da gefensa ya goge daidai babban yatsan hagu. Ya bar jirage, ciki har da Gwaggo da wani mai ɗauke da katako, waɗanda mai gyara ta tabbatar suna nan cikin kwamfutar, ba su nutse ba, ba dai mai iya isa gare su. Ya kuma bar Dogo. Iyalin ba su riƙe kowa a zuci ba. Waɗanda suka ƙera makullin tsoron ɓarayi suka ji, kuma ana jin labarin ɓarayin na nan suna wasansu lafiya.

Za a yi sutura ranar Asabar da yamma a falon gidan. Ba za a sa ruwa ba, za a goge faifan ne da ƙyalle mai taushi, a mayar da shi kwalinsa. Mai gyara za ta kwafe abin da aka adana a ɗan filasha, a haɗa su wuri ɗaya a naɗe, a ɗora bisa kabad inda zafi ba ya kaiwa, ko Allah zai kawo mai iya buɗewa wata rana. Za a karɓi gaisuwa a nan, hawan sama, ƙofar ƙarshe. A ƙwanƙwasa da ƙarfi, kunnen mai gidan ya yi nauyi. Ba sai mutum ya san wasan ba, ba sai ya zo da komai ba. Abin da kawai ake roƙo, wanda ya zo ya ɗan daɗe.