Rasuwar Gajere, Mai Ban Ruwan Gwaggo Kulu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Mahfuzu Aliyu na Tama nake sanar da 'yan uwa da makwabtan garka rasuwar Gajere, ɗan mikrokontrolar nan, na'urar da ba ta kai tafin hannu ba, wanda ke kunna wa Gwaggo Kulu famfo idan fangalin irin albasarta ya ji ƙishi.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman lada ba, abincinsa abin da fanon hasken rana ya tara masa a batiri. Aikinsa zagaye ɗaya ne da na rubuta masa, abin da muke ce wa bukul a lakkwal, wato makaranta: ya tambayi ƙasa ko da laima, in babu ya ba da ruwa, ya koma farko.

Ciwon ajalinsa ladabi ne. Gwaggo ta ce duk abin da ke aiki a garkarta ba sallama, aljani ne. Sai na ƙara masa ɗan kuka, "tit-tit", ita kuma tana amsawa har da tambayar gajiya. Kaico, cikin zagayen na cusa sallamar, kuma ban rubuta masa layin barci ba. Malaminmu ya sha faɗa mana: na'ura ta duba, ta kwanta, agogo ya tashe ta. Layi guda ne tak, wallahi na san shi. Na ce gobe.

Haka bawan Allah ya yi ta yi ba dare ba rana, ya tambayi ƙasa, ya gaida kwaɗi, ya sake tambaya, yana cin fiye da abin da rana ke ba shi. Muryarsa ta dushe ta koma "tiii", na ce sabo ne. Jikinsa ya yi zafi har ƙadangare ya mai da shi wurin kwana, ni kuwa na ɗauki hoto ina dariya.

Na tafi Buza biki da wayar Gwaggo a aljihuna za a gyara, bayan na rantse mata ta je jinyar ɗiyarta hankali kwance, Gajere ya isa. Ga shi ba waya, ba mai iya kiranta. Batirin Gajere ya ƙare. Ya suma ya farfaɗo, kowace farfaɗowa ya fizgi famfo, har ƙwaƙwalwarsa ta ƙone. Kafin mu dawo rabin irin ya bushe, irin da Gwaggo ta ajiye da hannunta tun bara. Ita kuwa har fura ta dama mini. Da ma ta zage ni.

Ya rasu ya bar fano guda, da famfo wanda ya zama maraya, da batiri da ke kwance rai a hannun Allah, da ƙadangaren da ya rasa masauki.

Za a sa shi a gwangwanin madara a ajiye a ɗakina, inda zan riƙa ganinsa duk sa'ad da na zauna rubuta bukul. Zaman makoki a garkar Gwaggo ne, kullum bayan asuba, har a dasa abin da ya rage. Ba a son goro, kowa ya zo da arozuwar ta ban ruwa ko bokiti, ni zan ja guga. Kuma don Allah mai zuwa ya yi sallama da ƙarfi tun daga bakin shinge, don Gwaggo har yanzu takan tsaya nan ta kasa kunne kafin ta shiga.