Zaman Makokin Musye Rasmus

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi zaman makokin ogana a ƙofar gidanmu ba. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta New Bell a Duwala ba za su bar ni ba, don har yau in na wuce ta bakin masallacin unguwa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" sauran su fashe da dariya.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Bayan na gama jami'a na yi zaman kashe wando har benci ya gaji da ni. Kawuna, yayan Mama, yana da shagon siminti da kwanon rufi a unguwar PK 14, kuma tun ranar da na karɓo takardata yake cewa in zo in tsaya masa a shago. Ni kuwa da faransancina da gogaggiyar rigata, gani nake ƙurar siminti ba ajina ba ce. Mama ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce ko in samo aiki na gaske, ko in tafi wajen Kawu.

Ana cikin haka na samu aiki ta intanet. Wai a ƙasar Denmark akwai tsofaffin littattafan coci na shekaru aru-aru, inda fastocin ƙauye suke rubuta wanda aka haifa, wanda ya yi aure da wanda ya mutu. An ɗauki hoton kowane shafi, mutanen can sun zauna sun kwafe rubutun da na'ura. Nawa aikin shi ne in zagaye kowane layi a jikin hoton, in haɗa shi da layin da aka kwafa, don a koya wa kwamfuta karanta rubutun hannu irin na da. Yarensu kuwa ko "zo in kashe ka" ba na ji, amma aikin ido yake so ba kunne ba.

Na je da murnata na gaya wa Mama. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa ye patron ɗinka, ogan da ya ɗauke ka?"

"Ba ni da patron, Mama. Plateforme ce, shafin intanet."

"Ita plateforme ɗin mace ce ko namiji?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce aikin da ba patron ba aiki ba ne, ran Litinin in hau benskin, wato acaɓa, in tafi PK 14. Nan idona ya faɗa kan kwamfutar da ke cinyata, na ga wani suna a layin da nake zagayewa.

"Af, na manta, Mama. Akwai patron. Sunansa Rasmus."

"To yanzu na ji magana," in ji ta. "Ka gaishe min da Musye Rasmus."

Da na tsaya nan da ƙila na tsira. Amma ni mutum ne mai son gulma (wannan gado ne, ba zan faɗi daga wane ɓangare ba). Sai na fara kwafar layukan ina zubawa a manhajar fassara ta waya, in ga me mutanen nan suke ciki. Ashe Rasmus masunci ne a wani ɗan ƙauye na bakin teku, kuma layin da na tsince shi na ɗaurin aurensa ne. Da yamma Mama ta ce, "Ya patron?" sai bakina ya ce, "Ai aure ya yi." Ta rangaɗa guɗa. Tun daga ranar, abin da littafi ya ce shi nake kawo mata, ina lallashin kaina cewa ai ba ƙarya nake ba, labarin ne kawai ya iso a makare.

Da matar Rasmus ta haihu, Mama ta sayo turmin atamfa da sabulu ta ce in aika. Na aika su ƙarƙashin gadona. Matsalar ita ce littafi ya fi rayuwa gudu. Abin da ya ɗauki Rasmus shekara biyu, ni cikin 'yan kwanaki nake wuce shi. Ban ankara ba na sake kawo albishir ɗin haihuwa.

Mama ta ajiye muciya. "Haihuwa kuma? Ba wancan makon ta haihu ba?"

"Tagwaye ne, Mama. Ɗayan ne ya makara."

Ta ɗauki muciyarta, ta ce Turawa komai nasu daban ne. Daga nan na koyi ɓoye haihuwa. Rasmus ya yi ta tara 'ya'ya har bakwai, Mama na nan da biyu a lissafinta.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na fara son mutumin nan da gaske. Wuni nake ni kaɗai a ɗaki, ba abokin aiki, ba mai cewa sannu, sai saƙon na'ura da ke cewa an karɓi aikina. Duk shafin da na buɗe sunansa nake fara nema, in na gan shi ya tsaya wa wani shaidar aure sai in ji kamar mun gaisa.

Wata Alhamis da safe, ruwa ya ɗauke ke nan, aka turo min shafukan waɗanda aka binne. Ina cikin zagaye layi na ci karo da sunan. Na zuba a waya. Kwalekwalensa ne ya kife, teku ta turo gawarsa. Ban san lokacin da na rafka salati ba. Mama ta shigo a guje da ludayi a hannu.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Rasmus ya rasu, Mama. Ruwa ya ci shi."

Kuma hawaye nake yi, na gaske, masu ɗumi. Su suka kashe ni, don ba uwar da za ta yi shakkar irin wannan kukan. Mama ta ɗora hannu a ka tana salati. Kafin in dawo hayyacina aka ɗauke wuta, ga aiki ana jira, sai na saka kwamfuta a jaka na hau benskin zuwa gidan wani abokina a unguwar Logbaba. A can, don neman abin da zai ƙara ɓata min rai, na leƙa shafukan gaba na ga yadda sauran iyalin suka ƙare.

Bayan la'asar na dawo. Tun daga bakin lungu na hango rumfa a ƙofar gidanmu, da kujerun roba, da tabarmi, da takalma jibge. Na zaci Mama ce. Na kama hannun mai shayin bakin lungu na ce, "Wa ya rasu?"

Ya riƙe hannuna da nasa biyu. "Kai za ka tambaye ni? Allah ya ba ka haƙuri. An ce mutumin kirki ne, ya riƙe ka kamar ɗansa."

A nan ya kamata in buɗe baki. Mai hankali zai shiga ya ja Mama gefe ya faɗi gaskiya. Ni kuwa cire takalmi na yi, aka matsa min wuri a tsakiyar tabarma, na zauna na sunkuyar da kai.

Jama'a suka yi ta zuwa. 'Yan kasuwa, mahauta, abokan marigayi Baba, har da maƙwabciyarmu Maman Solange, wadda ta dafa kaina ta ce, "Ashia, mon fils, sannu ɗana. Mutuwar patron ba ƙaramin abu ba ne." Wani tsoho mai sayar da goro ya ce ai shi ya sha jin labarin alherin Musye Rasmus tun ba yau ba (wannan kam ya fi ni gaskiya, ba yau ba ne). Liman ya zo, ya tambaya a hankali ko mamacin musulmi ne, aka ce a'a, sai ya yi dabara ya karkata addu'a kan marayu, Allah ya raya su ya ba su mai tallafa musu. Na shafa na ce amin, alhali na san jikokin marayun nan ma sun daɗe da zama ƙasa.

Kuma in faɗa muku abin kunya? Na ji daɗi. Ni aka fara miƙa wa shayi, da madara. Dattawan da ba su taɓa amsa gaisuwata da kyau ba suna durƙusawa a gabana. Har na fara tunanin in daure na kwana uku, a watse, magana ta mutu tare da mai ita.

Sai ga Kawu, da ƙurar siminti a takalminsa. Ya yi gaisuwa, ya zauna, ya sha ruwa, ya gyara murya yadda kowa zai ji.

"To, Allah ya yi ikonsa. Tunda mai aikin ya tafi, aiki ya ƙare ke nan. Ba zan bar ɗan 'yar'uwata a titi ba. Litinin ka zo shago."

Wuri ya ɗauki "Allah ya bar zumunci." Mutumin da na ƙirƙiro don ya raba ni da siminti, ga shi ya mutu ya miƙa ni hannu da hannu.

"A'a, Kawu, ai aiki yana nan. Matarsa ce za ta ci gaba."

"Madalla. Kira ta mu yi mata gaisuwa, kai ka fassara." Ya zaro wayarsa ya miƙo min.

"Ba za ta ɗauka ba, Kawu."

"Don me?"

Ƙaryata ta ƙare, ba abin da ya rage a kaina sai abin da na karanta a Logbaba. "Ita ma ta rasu."

Salati ya tashi. Daga cikin gida wata mata ta kurma ihu. Mama ta fito bakin ƙofa tana riƙe da mayafi. "Yaran fa? Wa ke riƙe da yaran?"

"Sun rasu, Mama."

"Duka biyun?"

"Duka bakwai ɗin."

"Bakwai?"

Maman Solange ta dafe ƙirji. "Mon Dieu! Jirgi ne ya faɗi da su?" Wani ya ce annoba ce, shi ya ji a rediyo. Kawu dai bai janye wayar ba.

"To maƙwabta fa? Ba wanda za a kira ko ɗaya? Faston garin?"

"Kawu," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya, "duk garin sun mutu."

Liman ya cire tabarau. "Ɗana, wai yaushe abin nan ya faru?"

"Tun kafin Jamusawa su zo Duwala, Malam."

Na buɗe kwamfuta, na nuna musu shafin mai launin ƙasa, na yi bayanin komai, daga plateforme har atamfar ƙarƙashin gado. Maman Solange ce ta fara. "Mince!" ta ce, ta faɗa kan kujera tana dariya har da buga cinya. Daga nan rumfa ta rikice. Tsohon mai goro ya lallaɓa ya ɗauki takalminsa. Liman, yana goge hawayen dariya, ya yanke hukuncin cewa shinkafa ba ta yi laifi ba, a fito da ita. Aka ci, ana ci ana nuna ni da cokali.

Kawu ya leƙa hoton, ya tambayi sana'ar mamacin. Na ce masunci ne.

"Masunci! Ko shago ba shi da shi." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Litinin da sassafe. Za ka ga patron mai rai."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Bayan an watse na tarar da Mama a tsakar gida tana kankare babbar tukunyar da ta aro. Na tsuguna na ce ta kawo in wanke. Ba ta ba ni ba.

"Mama, ki yi haƙuri. Na ba ki kunya a gaban mutane."

"Kunya wucewa take yi," ta ce, tana ci gaba da kankara. "Ni na ɗauka kana da mutum a can. In na ji ka a ɗaki kai kaɗai, sai in ce ba komai, yana da wanda ya san da shi. Ka san don me na tara jama'a yau? Don su san kai ma kana da naka, ranar da na faɗi su zo maka kamar yadda suka zo yau." Ta ɗago ta dube ni. "Ashe duk watannin nan da matattu kake zaune."

Na ɗauko bokiti na je na ɗebo mata ruwan ɗauraya.

Yanzu da safe ina PK 14, ina lodin siminti a ƙarƙashin patron ɗin da ke kiran sunana daga ƙarshen titi, da yamma in koma wa mutanen Denmark. Kawu yana da faɗa, yana da mita, amma ran da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ya zo har ɗaki da ayaba ya zage ni don ban sha magani ba. Abin da na koya bai da yawa: in har sai ka ƙirƙiri oga, ka nemi mai numfashi, in kuwa daga littafi za ka ɗauko shi, ka fara duba shafin ƙarshe.