Rasuwar Shafin Kantun Laure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da ba a iya kauce masa, ni Laure mai kantun riɗi ta bayan tashar Gumel, a madadin 'ya'yana biyu mata, Nana Firdausi da yayarta, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki na nesa da na kusa rasuwar shafinmu na intanet. Ya cika ranar Alhamis da ta wuce, ranar kasuwar Maigatari, bayan doguwar jinya. Na taɓa shi da safe kamar yadda na saba, sai farin allo ya fito da wani guntun Turanci. Nana ta karanta, ta ce ma'anarsa babu shi.

An haifi marigayin a shagon Isma'il mai kwamfuta, kusa da masu faci. Ba ɗan gata ba ne, kuma bai taɓa yin ƙaryar haka ba. Isma'il ya gaya mana tun farko cewa shafi iri biyu ne. Akwai wanda ake ginawa daga tushe, na masu kamfani, akwai kuma na irinmu, wanda yake kamar rigar kanti: an riga an ɗinka, sai dai a rage hannu a sake maɓalli. Muka zaɓi na kanti. Aka zuba masa launin ruwan riɗi, aka sa hoton farantina, aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe har na ji kunya.

Marigayin mutumin kirki ne. Ba ya rufe shago, ba ya zuwa biki, bai taɓa cewa kansa na ciwo ba. Ya kai mini kantu Kano da Kaduna, garuruwan da ni kaina ban taɓa kai tallan komai ba. Yana da haƙuri da masu taya kaya su gudu. Aibinsa kaɗan ne, kuma ba za mu ɓoye ba tunda ya tafi. In sabis ya yi rauni yakan daɗe yana juya ɗan zobensa kafin ya buɗe ido. Sannan akwai wani ɓangare nasa mai suna "Ma'aikatanmu" da Isma'il ya manta bai goge ba, inda wasu Turawa uku masu kwat suke murmushi. Har wata hajiya daga Kaduna ta taɓa neman a haɗa ta da manajan, mai furfurar nan na tsakiya. Maigidan ya ce mata ya tafi hutu.

A cikin farashin da muka iya, abu ɗaya tak aka yarda mu ƙara wanda yake namu na kanmu. Na ce a sa murya, domin yawancin masu sayen kantu ba sa son dogon karatu. Amma matar aure ba ta zuba muryarta a inda kowane namiji zai danna ya ji, haka kuma ba ta rubuta lambarta a bainar jama'a. Wannan ko tattaunawa ba mu yi ba. Maigidan, Baban Nana, direba ne tsakanin Gumel da Maigatari, shi ya ba da lambarsa, aka ɗaura shafin gaba ɗaya a kanta. Shi kuma ya tsaya gaban na'urar Isma'il yana gyara hula kamar za a ɗauke shi hoto. Duk wanda ya taɓa buɗe marigayin ya san abin da yake fara cewa:

"Salamu alaikum. Sabi'u direba ne ke magana. Kantunmu na riɗin Gagarawa ne, ba yashi, ba algus. Ku taɓa koren maɓallin nan, mu kuma mu kawo."

Daga nan sai ham ɗin wata mota, sai 'yar dariya, sai a ji ya ce, "Isma'ila, ya ɗauka?" An so a yanke wannan ƙarshen, na ce a bar shi.

Sauran kukan marigayin shi ne ƙilin ɗin da yake yi a aljihun maigidan in an yi oda. Ko yana tsakiyar lodi a Maigatari sai ya kira ni ya ce in ɗora kasko.

Ciwon ajalin ya samo asali ne daga ranar da Allah ya karɓi ran Baban Nana, bayan zazzaɓin da bai yi kama da na tafiya ba. Ina cikin takaba aka yi rabon gado. Malamai suka yi aikinsu tsakani da Allah, ba ni da ƙorafi a kan kowa. Tunda 'ya'yan mata ne, ƙaninsa Ubaidullahi, wanda yake zaune a tsallaken iyaka wajen Dungas, ya sami nasa kason, wayar maigidan kuma ta faɗa a ciki. An yi mata kuɗi a matsayin waya, mai tsagaggen gilashi. Babu wanda ya tuna cewa akwai shago a cikinta, har ni. Ubaidullahi ya koma gida, ya kai aka wanke ta tas, ya cire layin Najeriya tunda ba ya kamawa sosai a can, ya sa na Nijar.

Marigayin ya ci gaba da sallama ga duk wanda ya shigo, amma odar ba ta zuwa ko'ina. Mutane suna taɓa koren, shiru. Suka gaji, suka koma wajen wasu. Da na fita takaba na je wurin Isma'il, ya duba ya ce wa'adin shekara ya kusa, kuma ba a sabuntawa ko a canza lamba sai da lambar sirri da za a turo wa tsohon layin. Muka aika wa Ubaidullahi. Bawan Allah ya birkice ɗakinsa, ya samo layin a aljihun wata tsohuwar riga, ya naɗe shi a leda ya ba wani direba ya kawo. Aka sa a waya, ko motsi. Ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani ya ba wani lambar.

Mun kira sabon mai lambar. Wani mutum ne can kudu, ba ya jin Hausa. Isma'il ya yi masa bayani da Turanci cikin ladabi, ya roƙe shi ya karanto mana lambobin da za su shigo wayarsa. Mutumin ya ce ya san irinmu, ya kira mu 'yan damfara, ya toshe mu. Ban ga laifinsa ba. Ni ma abin da nake gaya wa 'ya'yana ke nan, kada su karanta wa kowa irin wannan lambar.

Duk tsawon jinyar nan, abin da nake cewa Isma'il shi ne ciniki ya tsaya. Shi ma cinikin yake ƙoƙarin cetowa. Yaya za a yi mace mai shekaruna ta dubi sa'an ɗan cikinta irin Isma'il ta ce masa kullum bayan sallar asuba tana rufe ƙofa ta danna shafin kantu don ta ji sallamar mijinta? Bakina bai iya ba. Sai ranar Alhamis ɗin, da farin allon ya fito, na tambaye shi ko yana da muryar a ajiye. Ya ce kwamfutar da aka yi aikin da ita ta ƙone tun bara, ɗaya kwafin kuma yana cikin wayar da aka wanke. Ya ce da na faɗa ko da ranar Laraba ne, aikin minti ɗaya ne.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan uwa da dama waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, har kamarsu ɗaya: shafin wani kafinta a Sule Tankarkar, da na mai abincin kaji a Gagarawa Tasha, da na wata mai lalle. Dukkansu suna nan lafiya, Turawan nan uku ma suna aiki a can. Ya bar sitika mai ɗauke da adireshinsa a jikin robobin kantu, da allo a ƙofar gida. Ya bar ni.

Game da jana'iza, na tuntuɓi Malam Ɗalha limamin unguwa, ya ce ba a yi wa irin wannan salla, ya kuma ba ni haƙuri fiye da yadda tambayar ta cancanta, ina jin ya gane. Saboda haka ranar Asabar da hantsi Ɗantala mai fenti zai zo ya shafe adireshin daga allon. Mata za su taru a tsakar gida da ruwan ɗumi a ɓare sitikun. Za a raba kantu sadaka, ladan kuma an san wanda za a kai wa.

Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada a ce mini za a gina wani. Isma'il ya riga ya ce zai yi kyauta, har da lambata a kai, na gode masa.

Roƙona ɗaya ne. In akwai wanda ya taɓa naɗar sallamar nan a wayarsa, ko da wasa, ko da rabinta ne, ya taimaka ya zo da ita, ba sai ya yi sallama da kowa ba. Na tambayi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, na tambayi hajiyar Kaduna, babu. Jiya na zauna zan maimaita ta a raina, sai na kasa tuna ko ham ɗin motar ne yake fara zuwa ko dariyar.